Idan Aka Ce Ƙoda Ta Tsaya, Huhu Ya Gaza: Tambayoyin Masu Jinya a Ƙofar Ɗakin ICU

Duk wanda ya taɓa kwana a bencin ƙofar ɗakin kulawa ta musamman, wanda aka fi sani da ICU, ya san yadda abin yake. Kunu ya huce a filas ba a sha ba, waya sai ƙara take yi ana tambayar ya mai jiki, kai kuwa duk abin da aka gaya maka bai wuce kalma uku ba: ƙoda ta taɓu. Na daɗe ina aikin jinya a irin wannan ɗaki, waɗannan kuma su ne tambayoyin da 'yan'uwan marasa lafiya suka fi tare ni da su a baranda. Likitan da ke riƙe da naku mara lafiyar shi ya san halin da yake ciki. Na rubuta wannan ne don ku gane abin da yake faɗa muku, ku kuma san abin da za ku tambaye shi.

1. Likita ya ce sassan jikinsa sun fara gazawa. Me yake nufi?

Zuciya, huhu, ƙoda, hanta, ƙwaƙwalwa da shi kansa jini, kowanne akwai aikin da aka ɗora masa wanda in ya tsaya rai ba zai zauna ba. Idan aka ce ɗayansu ya gaza, ana nufin ya kasa sauke wannan nauyi shi kaɗai, sai an tallafa masa da magani ko da na'ura. Idan biyu ko fiye suka gaza a tare, shi ne abin da likitoci suka fi tsoro, don shi ya fi kashe marasa lafiya a ɗakin ICU.

Ga abin da nake so kowane mai jinya ya riƙe. A irin wannan ciwo mai zuwa farat ɗaya, yawanci sashen bai mutu ba. Masu bincike sun duba ƙoda da zuciyar mutanen da sefsis (mummunan martanin jiki ga shigar ƙwayar cuta) ya kashe, suka tarar mafi yawan ƙwayoyin halittarsu suna nan ba su lalace ba, aiki kawai suka dakatar. Abin ya yi kama da gaiwa, wadda idan tafki ya ƙafe take shigewa cikin laka ta lafe har ruwa ya dawo. Aikin ɗakin ICU shi ne a riƙe mutum da rai, a kashe abin da ya tayar da ciwon, har sassan nan su farka. Wannan ya bambanta da ciwon ƙoda ko na hanta da ya yi shekaru yana cin mutum, kamar yadda za a gani a tambaya ta 8.

2. Ciwo ɗaya muka kawo shi da shi. Ya aka yi yanzu ake maganar huhu da ƙoda da hanta?

Hausawa suka ce abin da ya taɓa hanci, ido ruwa yake yi. Idan jiki ya gamu da babban farmaki, ko na ƙwayar cuta ko na rauni, garkuwar jiki takan saki sinadaran yaƙi cikin jini. Idan abin ya wuce kima, sai jijiyoyin jini su saki jiki su buɗe, bangonsu ya fara yoyo, ruwa ya riƙa fita daga cikinsu yana taruwa a tsoka da huhu. Ƙarfin jini sai ya faɗi. Ƙananan jijiyoyi kuma, waɗanda ido ba ya gani, sai gudaji ya toshe wasunsu. Ƙarshenta iskar oksijin ba ta isa inda ake buƙatarta.

Daga nan kowanne sai ya ja ɗan'uwansa. Ƙoda ita kaɗai tana karɓar kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa, don haka da jini ya ragu ita ke fara kuka. Idan ta tsaya, ruwan da ba ta fitar ba ya tafi huhu, sinadarin fotashiyam ya taru ya rikita bugun zuciya. Huhun da ya cika da ruwa ya rage wa ƙwaƙwalwa iska. Hanjin da bai samu jini ba bangonsa ya yi rauni, ƙwayoyin cuta su samu hanya; sai bango ya tsage kuma ƙadangare ke samun wurin shiga.

Likitocin tiyata a birnin Boston na Amurka ne suka fara bayyana wannan jerin gwano a 1973, a marasa lafiyar da babbar jijiyar cikinsu ta fashe aka yi musu aiki, suka tsallake tiyatar, sannan sassan jikinsu suka yi ta gazawa ɗaya bayan ɗaya.

3. Waɗanne cututtuka ne suka fi kai mutum ga haka a wajenmu?

Na farko shigar ƙwayar cuta, wato sefsis, wanda ke da tasa tambayar a ƙasa. A ƙasar Hausa da maƙwabtanta sai a lissafa zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, musamman ga yara da masu juna biyu daga tsakiyar damina zuwa kaka, taifod da ta huda hanji, nimoniya, sanƙarau a lokacin zafi, da amai da gudawa da ke tsotse ruwan jiki cikin sa'o'i kaɗan. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, idan ya kai ga taɓa ƙoda haɗarinsa yakan ninka.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na haihuwa: zubar jini, jijjiga, da zazzaɓin jego da aka bari ya kwana biyu ana cewa ruwan nono ne. Mata ne matasa, lafiyarsu ƙalau mako guda da ya wuce. Sai haɗarin mota da na babur, ƙunar wuta, da saran kububuwa, wadda dafinta ke hana jini daskarewa. Saboda yawan saranta ne ma aka yi asibiti na musamman a Kaltungo ta jihar Gombe. Masu sikila kuma, idan ciwonsu ya tashi da ƙarfi, huhu da ƙoda da hanta na iya taɓuwa lokaci guda.

4. Mene ne shi wannan sefsis ɗin? Guba ce a cikin jini?

Mutane kan ce cuta ta shiga jini, amma ba kullum ake samun ƙwayar a jinin ba. Ma'anar da masana suka tsayar a 2016 ita ce: ƙwayar cuta ta kama wani wuri, jiki ya mayar da martani wanda ya fita daga tsari, har sassan jiki suka fara gazawa. Mafarin zai iya zama huhu, mafitsara, mahaifa bayan haihuwa ko ɓari, gyambon ƙafar mai ciwon suga, ko cibiyar jariri.

Wani bincike da aka buga a mujallar Lancet a 2020 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2017 mutum miliyan 48.9 suka kamu da shi, miliyan 11 suka mutu, wato kusan ɗaya cikin kowace mutuwa biyar a duniya. Kimanin miliyan 20 na waɗanda suka kamu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Maganinsa ya tsaya ne a kan abu uku: allurar kashe ƙwayoyin cuta da wuri, cikin sa'a guda idan jini ya riga ya faɗi, tallafa wa jini da numfashi, da kawar da mafarin. Idan mugunya ce ta taru a ciki ko hanji ya huje, duk tsadar allura ba za ta wadatar ba sai an yi aiki. Shi ya sa wani lokaci za ku ji ana maganar tiyata ga mutumin da ku kuke ganin ba zai iya ɗauka ba.

5. Da waɗanne alamu za mu gane abin ya fara, a gida ko a ɗakin kwanciya na gama-gari?

Ku ƙirga numfashi, da agogon waya, minti ɗaya cur. Baligi mai lafiya yana yin 12 zuwa 20. Idan ya kai 22 ko fiye yana kwance, ga zazzaɓi, a kula. Ga jariri ɗan ƙasa da wata biyu iyakar ita ce 60, daga wata biyu zuwa shekara 50, daga shekara zuwa biyar kuma 40. Sai hankali: sambatu, rashin gane mutane, barcin da ba a iya tayarwa, yaron da ya ƙi kama nono. Sai sanyin hannu da ƙafa alhali jiki na da zafi, da ido ya yi shawara. Idan akwai abin awo, lambar sama ta awon jini ta sauka zuwa 100 ko ƙasa alama ce, haka ma ɗan abin awon oksijin da ake maƙala wa a yatsa ya nuna ƙasa da 90.

Sai fitsari, wanda kunya ke sa ba a faɗa. Mai nauyin kilo 60 ya kamata ya yi aƙalla mililita 30 a sa'a, cokali biyu na cin abinci ke nan. A sa'a shida ya kama kamar sulusin ledar fiyawota. Ba na manta wata yarinya da ke jinyar mahaifiyarta bayan haihuwa. Ta biyo ni har bakin ƙofa, ta riƙe gefen rigata ta ce, "Sista, ledar fitsarin Umma tun asuba ba ta ƙaru ba, na sa mata alama da biro." Na je na duba, ga ɗan layin biron nan a jikin leda, fitsarin bai wuce shi ba. A lokacin matar tana magana, tana amsa gaisuwa, ba wanda zai ce wani abu na tafe. Wannan layin ne ya sa aka kira likita aka ɗebi jini tun kafin azahar, ƙodarta kuma ta dawo ba tare da an kai ga wanki ba.

6. Me ya sa kullum sai an ɗebi jini? Ba ƙarar masa da jinin ake yi ba?

Abin da ake ɗiba ɗan kaɗan ne, kuma da shi ake ganin abin da ido ba ya gani. Kiriyatinin yana nuna aikin ƙoda, bilirubin na hanta, ƙwayoyin daskarar da jini suna nuna ko jini zai tsaya idan ya ɓalle. Akwai wani ma'auni mai suna SOFA da aka fitar a 1996, wanda ke ba sassa shida maki daga 0 zuwa 4, jimla 24. Yawan maki, yawan haɗari. Sakamakon rana ɗaya bai cika faɗin komai ba; inda lambobin suka dosa daga jiya zuwa yau shi ne labarin. Idan kuɗi ya yi wuya, ku faɗa wa likita kai tsaye ya zaɓa muku gwajin da ba makawa sai an yi. Babu abin kunya a ciki.

7. An ce za a sa masa na'urar numfashi. Gaskiya ne duk wanda aka sa wa ba ya tashi?

Ba gaskiya ba ne, amma na san inda maganar ta samo asali. Sai wanda ciwonsa ya kai maƙura ake sa wa na'urar, a wurare da yawa kuma sai an makara, don haka mutane suka haɗa ta da mutuwa. Ita na'urar iska take hurawa cikin huhu ta robar da aka zura a maƙogwaro, ta ɗauke wa mutum wahalar numfashi har huhunsa ya washe. Asalinta ma ceto ne. A 1952 annobar shan inna ta auka wa birnin Kofenhegen na ƙasar Denmak, yara suna mutuwa don tsokar numfashinsu ta shanye. Wani likita, Bjorn Ibsen, ya kawo shawarar a huda maƙogwaro a riƙa matsa iska da jakar roba. Ɗaliban likita suka yi ta karɓa-karɓa dare da rana suna matsawa da hannu, mutuwar ta ragu ƙwarai. Daga nan aka buɗe ɗakin ICU na farko a 1953.

Na'urar tana da nata haɗarin. Iska mai yawa tana yi wa huhu rauni. Wani babban gwaji a Amurka a 2000 ya nuna cewa rage yawan iskar kowane numfashi ya sauko da mutuwa daga kusan kashi 40 cikin 100 zuwa 31. Ƙwayar cuta na iya bin robar ta shiga huhu, shi ya sa ake ɗaga kan gado, ana goge baki, ana zuƙe majina. Idan kuka tarar an kifar da shi rub da ciki, kada ku firgita: gwajin da aka yi a Faransa da Sifen, aka buga a 2013, ya tabbatar cewa kwanciyar sa'a 16 a haka tana ceton masu tsananin ciwon huhu.

Ba zai iya magana ba muddin robar na bakinsa, don ta bi ta tsakanin igiyoyin murya. Idan aka ga zai wuce mako ɗaya ko biyu, akan mayar da ita ta ƙaramar ƙofa a wuya, wadda ta fi sauƙi, kuma tana rufewa da kanta bayan an cire.

8. Idan aka fara wankin ƙoda, shi ke nan har abada?

Ƙoda iri biyu take gazawa. Akwai wadda hawan jini ko ciwon suga suka yi shekaru suna ci har ta ƙanƙance. Wannan ba ta dawowa, mai ita sai wanki na dindindin ko dashe. Akwai kuma wadda ta tsaya cikin kwanaki saboda zazzaɓi, zubar jini ko gudawa. Irin wannan ta biyu, a mafi yawan waɗanda suka tsallake ciwon, tana dawowa cikin kwanaki ko makonni, wankin kuma gada ce kawai. Na ga iyalai sun ƙi sa hannu don sun ji labarin maƙwabcin da ya sayar da gona yana wanki sau biyu a mako, alhali nasu mara lafiyar wanki uku ko huɗu ne zai fitar da shi. Ku tambayi likita ƙarara: wace iri ce a cikin biyun?

Ba hawan kiriyatinin kaɗai ke sa a yi wanki ba. Ana yi ne idan fotashiyam ya hau har yana barazana ga zuciya, ko ruwa ya cika huhu ya ƙi fita da allura, ko jini ya yi tsami sosai, ko dattin da ya taru ya taɓa hankali. Ga yara ƙanana akan yi ta ciki, a zuba ruwan wanki ta roba a fitar.

Ƙodar da ke cikin wannan hali ba ta son magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, ba ta son allurar gentamicin ba bisa awo ba, balle haɗin kemis wanda ba a san abin da ke ciki ba. A 2008 wani maganin haƙorin yara da ya gurɓata da sinadari mai guba ya kashe yara 84 a Najeriya ta hanyar tsayar musu da ƙoda, a 2022 kuma irin haka ya kashe kimanin yara 70 a Gambiya. Ku kawo wa likita kwalba da kwalin duk abin da aka sha a gida.

9. Ya kumbura har ba a gane shi. Ruwan ne ya yi yawa? To me ya sa kuma wani lokaci ake ƙin ƙara ruwa?

Kumburin daga yoyon jijiyoyin nan ne da aka yi bayani a tambaya ta 2. Ruwan da aka ƙara don a ɗaga jini, wani kaso nasa yana tsiyayewa cikin tsoka. Idan sauƙi ya fara samuwa, fitsari zai ɓalle, kumburin ya saɓe.

Ƙarin ruwa magani ne, yana da awo. Mai amai da gudawa ruwa ne ceton ransa, a ba shi da sauri. Amma a 2011 wani gwaji a kan yara sama da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani a Uganda, Kenya da Tanzaniya ya nuna cewa waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri sun fi mutuwa. Saboda haka kada mai jinya ya taɓa maƙullin robar ruwa don ya ga yana ɗiga a hankali. Idan ruwa bai ɗaga jini ba, akan koma ga magani mai matse jijiyoyi irin su noradrenaline, wanda ƙaramar na'ura ke turawa a hankali cikin sirinji. Idan ta yi ƙara, a kira nas nan take, don yankewarsa na minti kaɗan na iya faɗar da jini.

10. Idonsa ya yi shawara, kuma wurin allura yana ta tsattsafar jini.

Hanta ce ke sarrafa yawancin sinadaran da ke daskarar da jini, don haka idan ta taɓu sai a ga shawara da zubar jini tare. A sefsis mai tsanani kuma jini kan yi ta daskarewa a ƙananan jijiyoyi har kayan daskarewar su ƙare. Babu na'urar da ke maye gurbin hanta yadda wanki ke yi wa ƙoda, amma a duk kayan ciki ita ta fi saurin gyara kanta idan aka kawar da abin da ya dame ta. A irin wannan lokaci taimakon dangi shi ne jini. Ku tara masu bayarwa tun kafin a nema, sabon jini ya fi amfani a nan.

11. Yana jin mu? Me ya sa da ya farka yake zagin mutane yana fizge roba?

Ba a iya tabbatarwa ga kowane mutum, amma da yawa daga waɗanda suka tashi sukan ce sun ji muryar wani nasu. Ku yi masa sallama, ku faɗi sunanku, ku gaya masa yau wace rana ce da inda yake, ku yi masa addu'a da karatu a kusa da kunne. Maganar gado da ta kuɗin magani a bar ta a waje.

Ruɗewar da kuke gani ita ma gazawa ce, ta ƙwaƙwalwa, wadda ciwon da magungunan barci da rashin bambance dare da rana ke kawowa. Dattijon da bai taɓa ɗaga murya ba sai a ji yana ashar. Ba hauka ba ne, ba kuma halinsa ba ne ya fito, yawanci yana washewa. Fuskar da ya sani, tabaransa idan yana sawa, da hasken rana ta taga suna taimakawa sosai.

12. Za mu iya ba shi kunu, zamzam ko rubutu?

Ta baki, a'a, muddin hankalinsa bai dawo sosai ba ko akwai roba a maƙogwaronsa. Wanda ba ya iya haɗiya, abin da aka ɗura masa huhu yake tafiya. Na taɓa ganin wanda ya fara samun sauƙi, wata gwaggonsa ta ɗura masa cokali uku cikin dare saboda tausayi, da safe muka koma farko da sabuwar nimoniya. Har yau ina jin zafin wannan, don da ta tambaya da an nuna mata hanya.

Hanyar ita ce robar hanci mai zuwa ciki. Likitoci da kansu suna son a fara ciyarwa ta nan cikin kwana ɗaya ko biyu idan hali ya yi, don hanjin da ke samun abinci ya fi riƙe ƙarfinsa. Ku kawo abin da kuke son a ba shi ku nuna wa nas. Zamzam ana iya shafa masa a fuska da leɓe, idan likita ya yarda a ba shi kaɗan ta roba. Jiƙo da sassaƙe kuwa a dakata da su gaba ɗaya, saboda dalilin da ke tambaya ta 8 da ta 10.

13. Ku gaya mana gaskiya, zai tashi?

Rai na hannun Allah, likita kuma abin da ya gani yake faɗa. Abubuwan da ke auna nauyin lamarin su ne yawan sassan da suka gaza, tsawon kwanakin da suka yi a haka, shekarun mutum da cututtukan da yake da su tun da, da ko an samu kawar da mafarin. Sefsis da ya kai ga faɗuwar jini har ana buƙatar maganin matse jijiya yana kashe sama da kashi 40 cikin 100 ko a manyan asibitocin duniya. Ma'ana kuma, da yawa suna tashi.

Maimakon "ya jikin nasa?", wadda amsarta kullum "da sauƙi" ce, ku tambayi waɗannan: sassa nawa ake tallafa wa yau, jiya nawa ne? Maganin ɗaga jini ana ƙarawa ne ko ana ragewa? Fitsari nawa ya yi a sa'a 24? Ku wakilta mutum ɗaya mai natsuwa ya riƙa jin bayani yana rubutawa, shi zai isar wa sauran. Ku kuma sa ran hawa da sauka. Kwana biyu na sauƙi sannan a koma baya abu ne da aka saba gani.

14. Asibitinmu babu ICU, ko an ce babu gado, ko kuɗin ya fi ƙarfinmu. Shi ke nan?

Ba shi ke nan ba. Wani bincike a asibitoci 180 na ƙasashen Afirka 22, da aka buga a 2025, ya tarar ɗaya cikin kowane mara lafiya takwas da ke kwance yana cikin mawuyacin hali, kuma kusan kashi biyu cikin uku nasu a ɗakin gama-gari suke. Abin da da yawansu suka rasa ba na'ura mai tsada ba ce. Oksijin ne, da ruwa bisa awo, da allura a kan lokaci, da kwantar da wanda ya suma a gefensa don kada harshe ko amai su toshe masa numfashi, da wanda zai riƙa dubawa a kai a kai. Allurar artesunate ga zazzaɓin sauro mai tsanani, magnesium ga mai jijjiga, jini ga mai zubar jini, duk ana iya yinsu a ƙaramin asibiti. Ku kuma masu jinya ku riƙa juya shi duk sa'a biyu saboda gyambon kwanciya, kuna wanke hannu kafin ku taɓa shi.

Idan za a tura ku gaba, kada ku ɗauke shi cikin fushi ku sa a motar haya. A fara daidaita shi, a kira can a tabbatar akwai gado, a karɓi takardar da ta lissafa abin da aka ba shi, a tafi da tukunyar oksijin da za ta kai ku har da rara, da ma'aikacin lafiya a motar. Da yawa a hanya ake rasa su.

15. Likitoci sun ce babu sauran abin yi. Idan muka yarda a cire na'ura, mun kashe shi?

Wannan ce tambaya mafi nauyi, kuma malamai sun zauna a kanta. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta ce idan dukkan aikin ƙwaƙwalwa ya tsaya, ƙwararrun likitoci suka tabbatar ba zai dawo ba, ya halatta a cire na'ura ko da zuciya na bugawa da taimakonta. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka, a 1987, ita ma ta halatta cirewa idan ƙwararrun likitoci uku suka tabbatar, sai dai ta ce ba a yanke hukuncin mutuwa har sai zuciya da numfashi sun tsaya.

A lura, mutuwar ƙwaƙwalwa daban take da doguwar suma, wadda ake iya farfaɗowa daga gare ta. Akwai kuma hali na uku, inda ƙwaƙwalwa ba ta mutu ba amma sassa da yawa sun gaza, magani ya daina tasiri. A nan ku nemi zama da babban likita, ku zo da malamin da kuka amince da shi, ko fasto idan Kirista ne, a yi bayani a gabansa. Ko an tsayar da ƙarin magani, kulawa ba ta tsayawa: maganin raɗaɗi, tsabta, jiƙa leɓe, duk suna ci gaba. Ku roƙi a bar na kusa su shiga su zauna da shi, su laƙƙana masa kalmar shahada.

16. An sallame mu, amma ko tsayuwar salla ba ya iyawa. Haka zai zauna?

Kwanciyar ICU tana cinye tsoka da sauri, mako guda ya isa a ga cinya ta zube. Ga mantuwa, firgita cikin barci, saurin fushi ko kuka, zubewar gashi bayan wata biyu ko uku, da dashewar murya saboda roba. Yawanci suna raguwa, amma da watanni ake lissafi, wani har shekara. Kada a ce masa ragwanci ne. Ya fara da zama a bakin gado, sai tsayuwa da dafa bango, sai zagaya tsakar gida, yana sallarsa a zaune har ƙafa ta yi ƙarfi. A ba shi ƙwai, wake, kifi da nono, sai fa idan likitan ƙoda ya sa masa iyaka.

Wanda ƙodarsa ta taɓa tsayawa ya koma a auna ta bayan wata uku ko da yana jin garau, ya riƙa auna hawan jini, ya faɗa wa duk likitan da zai rubuta masa magani nan gaba. Wanda ya yi sefsis kuma yana da saurin sake kamuwa a watannin farko, don haka zazzaɓi ko saurin numfashi irin na tambaya ta 5 ba na jira a ga safiya ba ne. Takardar sallama a ajiye ta a leda, a ɗauki hotonta a waya, a tafi da ita duk zuwa asibiti.